Saura mako uku bikin rufe shekara: wa ya kamata mu karrama?

Mai Usur: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ina roƙon a faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Saura mako uku mu yi bikin rufe shekara na ƙungiyarmu ta sikawut. Yaranmu 34, mu manya masu aikin sa-kai mu shida. Jiya mun zauna har dare ba mu tsayar da magana ba.

Abin da aka saba shi ne a kira yara uku da suka fi tara lambobin ƙwarewa a ba su kyauta, a miƙa wa shugaban kwamiti da waɗanda suka taimaka da kuɗi takardar yabo, a ɗauki hoto, a watse. Ni bana hankalina bai kwanta da hakan ba. Akwai wani yaro ɗan shekara 14, lamba biyu kacal ya samu duk shekarar. Amma shi ne kowace Asabar yake biyawa ta gidan wani ƙaramin yaro mai lalurar ƙafa, su taho tare a hankali, su koma tare. Shi ya sa kullum a makare yake isowa, darussa da yawa suka wuce shi. Kuma ba wanda ya sa shi. Sannan akwai wata baiwar Allah da ta yi shekara tara tana ɗinke mana tantuna, tana liƙa wa yara lambobi a riga, in mun fita sansani ita ce ƙarshen kwanciya. Sunanta ba ya cikin kowace takarda tamu.

Da na kawo maganarsu, wani ɗan kwamiti ya ce alherin ɗan sikawut ba a biyansa, ranar da aka fara ba da kyauta a kansa, ranar ya lalace. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ba wasa yake yi ba, mutum ne mai tsoron Allah. Me kuka gani?

Maman Uku: Wa alaikumus salam. Malam, tun kafin in gama karantawa idona ya cika da ƙwalla saboda yaron nan. Allah ya yi masa albarka. A karrama shi mana, me ake jira?

Baba Tsohon Sikawut: Wa alaikumus salam. Ɗana Mai Usur, ka taɓo tsohuwar magana, kusan sa'ar harkar ce gaba ɗaya. Bari in ba ku labarin da duk wanda ya daɗe a cikinta ya sani.

A 1909 wani Ba'amurke mai buga jaridu, William Boyce, ya je Landan. Hanya ta ɓace masa, sai wani yaro ya raka shi har inda za shi. Ya ciro kuɗi zai ba shi, yaron ya ƙi karɓa, ya ce shi ɗan sikawut ne, alherinsa na yini yake yi. Haka labarin ya zo mana. Boyce ya koma gida, a watan Fabrairu 1910 ya yi rajistar ƙungiyar sikawut ta Amurka. Yaron nan har yau ba a san sunansa ba.

To ɗan kwamitinku zai ce: kun gani ko? Bai karɓa ba. Gaskiyarsa. Amma labarin bai ƙare nan ba. A 1926 da Amurkawa suka ƙirƙiro babbar lambarsu ta girmamawa, Ɓaunar Azurfa, ta farko Baden-Powell, Baturen Ingila da ya kafa harkar sikawut, suka ba, ta biyu kuwa wannan yaron da ba a san sunansa ba. Har mutum-mutumin ɓauna suka aika aka kafa a Gilwell, kusa da Landan, saboda shi. Abu biyu ne daban. Shi aikinsa ya ƙi lada, kuma ya ƙi. Su aikinsu su gode, kuma sun gode. Da ya miƙa hannu da ya yi kuskure. Da su ma sun yi shiru da sun yi kuskure. Wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Malam Mai Alli: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Labarin ya yi kyau, amma a yi mini afuwa, ina tare da ɗan kwamitin, ko da dalilina daban ne. Shekara 22 ina koyarwa, na ga abin da kyauta take yi wa yara. Ka yaba wa guda a gaban jama'a, talatin da uku sun koma gida da tambaya a zuci: ni fa? Kuma yaro ba wawa ba ne. Bana ka ba wanda ya raka mai lalura kyauta, baɗi za ka ga yara biyar suna rububin raka shi, kowa yana waige ko Malam na kallo. Shi yaron mai lalurar ya zama tsani ke nan. Yaron Landan ɗin an karrama shi ne bayan shekara 17, ba ya wurin, ba wanda ya san fuskarsa. Wannan bai yi kama da kiran ɗan shekara 14 gaban iyaye ana tafa masa ba.

Maman Uku: To Malam, su waɗanda suka tara lambobi ai a gaban jama'a ake kiransu, ba ka ce komai ba. Sai a kan mai alheri ne za a tuna da sauran talatin da uku?

Malam Mai Alli: Hajiya, da ni ne da iko, har wannan ɗin sai na rage shi. Amma akwai bambanci. Lambar ƙwarewa a buɗe take ga kowa. An rubuta sharuɗɗanta: ka iya ƙulla igiya kaza, ka iya ɗaure rauni, ka karanta taswira, ka kafa tanti. Duk wanda ya cika ya samu, ko su talatin ne. Ba gasa ba ce. Mu manya ne muke mayar da ita gasa da muka ce "uku da suka fi". Wannan kalma ta "fi" ita ce matsalar.

Baba Tsohon Sikawut: A nan kam na yarda da kai ɗari bisa ɗari, Malam. Tsarin lambobi an yi shi ne don yaro ya yi tsere da kansa na jiya. Ba a yi shi don ya kayar da ɗan'uwansa ba.

Ɗan Tanti: Iyayena, a ba ni dama in sa baki. Shekarata 19, bara na fita daga sahun yara na shiga taimaka wa jagorori, don haka ban manta yadda abin yake daga ƙasa ba.

Gaskiya mu yara mun san wanda yake aiki. Mun fi ku sani, domin mu ne a cikin tanti da dare. Mun san wanda yake tashi ya ƙara ɗaure igiya in iska ta taso, mun san wanda yake ɓacewa lokacin wanke tukwane ya dawo lokacin fareti da rigarsa a goge. Abin da yake ƙona mana rai shi ne mu ga an kira na biyun gaban jama'a. Ranar ce yaro yake koyon cewa abin da manya suke gani shi ne abin yi. Malam Mai Alli yana tsoron yara su fara alheri don a gani. To ai yanzu ma don a gani suke tara lambobin, wasu ma yayyensu ne suke yi musu rabin aikin.

Me zai hana a bar majalisar shugabannin rukuni ta zaɓa? Ai haka aka gina harkar tun farko: ƙananan rukunai na yara shida zuwa takwas, kowanne da shugabansa yaro, su zauna su yanke shawara, babba yana gefe yana saurare. In yaran da kansu suka ce wane ne ya fi taimakon mutane bana, ba mai cewa son kai ne na Malam.

Mai Usur: Ƙanena, ka ba ni kunya ta alheri. Wallahi a zaman jiya ko sau ɗaya ba wanda ya ce a tambayi yaran.

Malam Mai Alli: Sai dai a kula, zaɓen yara yakan koma zaɓen farin jini. Wanda ya iya ba da dariya shi zai lashe.

Ɗan Tanti: Haka ne Malam, in aka ce musu "wa kuka fi so". Amma in aka ce kowane shugaban rukuni ya kawo suna tare da aikin da mutumin ya yi, da ranar da ya yi shi, da wanda ya gani, mai ba da dariya ba shi da abin rubutawa.

Anti Nas: Na jima ina karantawa, yanzu na sauka daga aiki. Ina so in ƙara wani abu a kan maganar cewa lambar sikawut ta ƙwarewa ce kawai. Ba haka ba ne, tun da daɗewa akwai lambobin hali. A Ingila akwai Lambar Cornwell, an sa mata sunan Jack Cornwell, ɗan sikawut mai shekara 16 da ya ji mummunan rauni a yaƙin ruwa na Jutland a 1916, ya tsaya a bakin aikinsa bai gusa ba, bayan kwana biyu ya rasu. Yau yawanci yaran da ake ba wa ita ba yaƙi suka je ba. Yara ne masu fama da doguwar jinya ko wata babbar jarrabawa, suka jure, suka ci gaba da zuwa taro, suka ci gaba da ƙarfafa wa wasu gwiwa.

Dalilin da ya sa na kawo wannan: kowa a nan yana maganar yaron da yake rakiya. Ba wanda ya yi maganar wanda ake rakawa. Yaro mai lalurar ƙafa da ya yi shekara guda yana takowa kowace Asabar, ko ana rana ko ana ruwa, shi ba abin yabo ya yi ba? Ni da nake aiki da marasa lafiya na san nawa taku ɗaya yake ci wa irin wannan yaron. In kuka kira babban kuka bar ƙaramin a zaune ana nuna shi da ido a matsayin wanda aka taimaka wa, kun ɗaga ɗaya kun sauke ɗaya.

Maman Uku: Allahu Akbar. Anti, wannan ko kusa bai zo mini a rai ba.

Mai Usur: Ni ma haka. Kuma kin yi gaskiya, sau biyu kawai ya yi fashi duk shekarar, ya fi wasu masu lafiya zuwa nesa ba kusa ba.

Mai Neman Sani: Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Ni ba ɗan sikawut ba ne, ƙanena ne a ciki, shi ya sa nake nan. Duk lokacin da aka yi irin wannan biki sai an ɗaga hoton Baden-Powell ana yabonsa kamar waliyyi. Mutumin nan fa hafsan sojan mulkin mallaka ne. Yana cikin rundunar da ta shiga ƙasar Ashanti a 1895 zuwa 1896, sunansa kuma a yaƙin Afirka ta Kudu ya fito, lokacin da aka yi wa garin Mafeking ƙawanya kwana 217. Ko a Ingila kanta, a 2020 sai da aka rufe mutum-mutuminsa da katako a garin Poole saboda taƙaddama. Me ya sa za a tara yara ana girmama shi?

Baba Tsohon Sikawut: Ɗana, ba ka faɗi ƙarya ba, kuma ba na son a ɓoye wa yara wannan. Soja ne na daular Ingila, ya yi abin da sojojin daular suka yi, wanda ya ce a wanke shi tas bai yi wa tarihi adalci ba. Abin da nake riƙe da shi daga gare shi shi ne abin da ya yi a watan Agusta 1907, da ya kwashi yara kusan 20 zuwa tsibirin Brownsea a Ingila, sansanin da harkar sikawut ta faro daga shi, ya haɗa 'ya'yan masu hali da 'ya'yan ma'aikata a tanti ɗaya, ya ba yaran da kansu ragamar rukunansu. A Ingilar wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga nan abin ya fi ƙarfinsa. A 1909 'yan mata suka bayyana a babban taron Crystal Palace suka ce su ma 'yan sikawut ne, ba wanda ya gayyace su, dole a 1910 aka kafa musu tasu ƙungiyar. Yau harkar tana da mutum sama da miliyan 50 a ƙasashe fiye da 170, ƙasar da ta fi kowa yawan 'yan sikawut Indonesiya ce, babban ofishin duniya yana Kuala Lumpur. Shi kansa a Nyeri ta Kenya ya rasu a 1941, can kabarinsa yake.

Amma tambayarka ta taimaki Mai Usur. Bikin rufe shekara ba na wanda ya rasu a 1941 ba ne. In an ambace shi a jimla biyu ya isa. Sauran lokacin na yaran da suke zaune a wurin ne.

Mai Neman Sani: Na gamsu da rabin, Baba. Ɗaya rabin sai wani zaman. Amma na ji daɗi da ba ku ce in yi shiru ba.

Maman Uku: Tunda an zo maganar lokaci, bari in amayar da abin da ya daɗe yana cina. Bikin da aka yi na su 'yata bara, awa uku muka yi. Manyan baƙi bakwai suka yi jawabi, kowanne sai ya gaishe da sauran shida da cikakken muƙaminsu. Yara suna tsaye a layi cikin rana har ɗaya ta faɗi. Da aka zo ba su lambobin, a minti goma aka karanto sunaye kamar ana kiran rajista, rabin baƙin ma sun tafi. 'Yata yarinya ce mai kunya, ta yi wata huɗu tana koyon taimakon gaggawa, har ƙanenta take kwantarwa tana gwada ɗauri a hannunsa. An kira sunanta ba daidai ba, aka miƙa mata lambar a leda. A hanya ba ta ce uffan ba. Da muka isa gida ta ajiye ledar a kan tebur, sai bayan mako biyu ta ce in ɗinka mata.

Abin da ya gyara mata zuciya ba bikin ba ne. Jagorarsu ce ta kira ta gefe a taro na gaba, ta ce mata: na ga yadda kika ɗaure hannun wance ranar da ta faɗi a sansani, hannunki bai yi rawa ba. Magana ɗaya. Har yau tana maimaita ta.

Anti Nas: Wannan ita ce maganar gaba ɗaya, Hajiya. Yabon da ba a faɗi aikin ba, hayaniya ce. "Yaro mai ƙoƙari" kowa ana ce masa. "Na ga abin da ka yi ranar kaza" mutum ɗaya ake ce wa.

Malam Mai Alli: To ai kun dawo gidana. A gefe ta kira ta, ba a gaban jama'a ba.

Baba Tsohon Sikawut: Kowanne da wurinsa, Malam. Akwai abin da sai a bainar jama'a yake cika. A Ingila, waɗanda suka kai matsayin Sikawut na Sarki, lambar da ta faro tun 1909, duk shekara a watan Afrilu ana tara su a fadar Windsor su yi fareti gaban iyayensu. A Amurka matsayin Mikiya, mafi girma da yaro zai kai, wanda aka fara bayarwa a 1912, sai yaro ya cika lambobi 21, ya riƙe muƙamin shugabanci, ya tsara wani aikin taimakon al'umma ya jagoranci wasu su yi shi, duk kafin ya cika 18. Neil Armstrong da ya fara taka wata a 1969 yana da ita. 'Yan mata sun fara samunta a 2021. Wanda ya yi shekaru yana hawa wannan dutse, ba za ka kira shi bayan tanti ka raɗa masa a kunne ba. Ƙanana suna bukatar su gan shi, su ce ashe ana kaiwa.

Kuma ku lura da sharaɗin nan na aikin al'umma. Ko a can ba su yarda tarin lambobi kaɗai ya kai yaro ƙololuwa ba. Sai an ga me ya yi wa wani.

Alhaji Direba: Ni dai ba ni da ilimin harkar, jikana ne ya sa ni a nan. Amma na ga aikin 'yan sikawut da idona a Mina. Wani dattijo a tawagarmu ya ɓace bayan jifa, ba ya jin Larabci, ba ya jin Turanci. Wasu samari 'yan sikawut na Saudiyya masu ƙyalle a wuya suka duba abin hannunsa, suka duba taswirarsu, suka rako shi har bakin tantinmu. Kafin mu gama yi musu godiya sun juya sun tafi neman wani. Har yau ina yi musu addu'a, ban san sunan ko ɗaya ba. Ni a ganina irin waɗannan in an samu dama a yaba musu a yaba, yabon gwani ya zama dole.

Baba Tsohon Sikawut: Allah ya karɓa, Alhaji. Duk shekara suna wannan aikin. Kuma shirin Manzannin Zaman Lafiya da ƙungiyar duniya ta ƙaddamar a 2011, Sarki Abdullah na Saudiyya da Sarki Carl Gustaf na Suwidin ne suka tsaya masa, don a riƙa tattara irin waɗannan ayyuka na yara ana sanar da duniya.

Mai Usur: Jama'a, mun yi nisa a kan yara. Baiwar Allahn nan mai ɗinki fa? Ita ce ta fi damuna, don na san in ba bana ba, wataƙila ba za a ƙara tunawa ba.

Ɗan Tanti: Yaya, ita kam ba muhawara. Ni a ƙungiyarmu mutum uku na gani sun bar aikin sa-kai, ba wanda ya tafi saboda gajiyar jiki. Ɗaya ya ce mini shekara shida yana kwana a ƙasa da yaran mutane, ranar biki ko kujera ba a ajiye masa ba, an ba wanda ya zo da mota ya yi minti ashirin. Kuma mutane ba su san cewa masu aikin nan daga aljihunsu suke kashewa ba. Ko a babban taron duniya, Jambori, manyan da suke zuwa yin hidima biyan kuɗin shiga suke yi kamar kowa. Ku tuna na Koriya ta Kudu a 2023: mutum kusan 43,000, zafi ya kwantar da ɗaruruwa, tawagar Birtaniya ta janye yaranta zuwa Seoul, daga ƙarshe guguwa ta sa aka kwashe sansanin gaba ɗaya a motocin bas fiye da dubu. Wa ya riƙa ƙirga yara a bakin kowace mota, wa ya zauna da masu kuka? Waɗannan da suka biya kuɗi don su zo su yi aiki.

Baba Tsohon Sikawut: Babbar shaidar jagora a harkar nan, wadda aka fara bayarwa a Gilwell a 1919, ƙwayar itace biyu ce a igiyar fata. Ba zinariya, ba azurfa. Darajarta ita ce sai ka yi horo, ka koma ka yi aiki da abin da ka koya, sannan a rataya maka. Tawa tana nan, igiyar ta tsufa na canza ta sau biyu. Abin da nake nufi, Mai Usur, kada ka tsaya neman abu mai tsada. Ka sa mata ƙyallen wuya na ƙungiyarku, yaro ya ɗaura mata, ka faɗi shekara tara ɗin da bakinka, ka faɗi tantunan. Ka rubuta sunanta a rajista, wannan ya fi komai. Sannan ka aika wa ofishinku na sama, yawancin ƙungiyoyin ƙasa suna da lambar godiya ta masu taimako da ta tsawon hidima, sau da yawa ba a samu ne don ba wanda ya cike takarda.

Anti Nas: Na goyi baya, amma zan faɗi wata magana mai nauyi, kuma ba da wannan baiwar Allah nake ba. Girmama manya masu aikin sa-kai yana da haɗari guda: mutum ya tara lambobi da suna har ya zama ba a iya tambayarsa. Ƙungiyar sikawut ta Amurka ta shiga kotun fatara a 2020 saboda ƙararrakin cin zarafin yara, mutum sama da 82,000 suka shigar da koke, aka yi sulhu a kan fiye da dala biliyan biyu. Da yawa daga masu laifin mutane ne da ake ganin girmansu, shi ya sa yaro ya kasa magana, in ya yi ma ba a yarda. Don haka duk wanda za ku rataya wa lamba, dokar nan ta kada babba ɗaya ya keɓe da yaro tana kansa kamar yadda take kan sabon shiga. Kuma ita mai ɗinkin, sa sunanta a rajista yana nufin ta bi tantancewa da horon kare yara kamar kowa. Shekara tara tana kwana a sansani ba ta cikin takarda, wannan gyara ne da ya kamata ku yi ko ba biki.

Mai Usur: Anti, kin yi gaskiya, kuma laifinmu ne ba nata ba. Gobe zan karɓo fom ɗin.

Malam Mai Alli: Wannan magana ta Anti ta fi duk abin da muka faɗa muhimmanci. Ni kuma ga inda na tsaya: na janye a kan mai ɗinki, a karrama ta a gaban kowa. Na yarda a soke "uku da suka fi", kowane yaro a kira shi da abin da ya cim ma, ko lamba ɗaya ce. Amma yaran nan biyu, har yanzu ina jin tsoro. Ɗan shekara 14 abin da zai faranta wa babba rai yakan sa shi ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Maman Uku: To a tambaye su mana, Malam. Kowanne shi kaɗai, da iyayensa. Musamman ƙaramin, don labarin ƙafarsa ne za a faɗa.

Malam Mai Alli: In an tambaye su, ba ni da ja.

Mai Usur: Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Majalisar shugabannin rukuni ta zauna ranar Asabar, ni da wata jagora muna gefe ba mu ce komai ba. Rukuni huɗu cikin biyar sunan yaron nan suka kawo, ba tare da na ambace shi ba. Na biyar suka kawo wata yarinya da take koya wa sababbi ƙulli bayan an tashi, ni ban ma san tana yi ba.

Na je gidajen yaran biyu. Babban ya ce shi ba ya son a kira shi shi kaɗai, kuma kada a ce "taimako", domin abokinsa ne, hira suke yi a hanya. Ƙaramin ya ce shi ba ya jin kunya, amma yana so a faɗi cewa sau biyu kawai ya yi fashi. Mahaifiyarsa ta yi kuka. Mun tsayar za a kira su tare, su biyun su ɗaga tuta a buɗe taro, a faɗi yawan Asabar ɗin da suka zo, ba za a ambaci ƙafa ba. Ɗan kwamitin da ya yi ja ya amince da hakan, da sharaɗin ba kuɗi ba kaya, kuma shi ya nemi a bar shi ya karanta sunayensu.

Babban ya roƙi abu ɗaya: a samu wanda zai maimaita masa darussan taswira da kamfas da suka wuce shi, yana son lambar. Ɗan Tanti, kai ne ka zo mini a rai, ko za ka iya haɗa mini abin da kuke koyarwa a zama uku ko huɗu?

Jawabi biyu kawai za a yi, minti biyar-biyar, yara a zaune a inuwa. Mai ɗinki ta cike fom, amma ba ta san da maganar ƙyallen ba tukuna. Matsalar da ta rage, ita ce take ɗinka mana ƙyallayen duka, ban san wa zan ba ya ɗinka nata ba tare da ta ji ba.

Maman Uku: Turo mini launi da awo ta akwatin sirri, Malam. Ina da keke, kafin Laraba in sha Allahu ya kammala.

Ɗan Tanti: Yaya, zama huɗu zai isa. Zan turo na farko yau da dare, amma a samo masa kamfas na hannu, na waya ba ya koyar da komai. Kuma a tambayi abokin nasa ko shi ma yana so, sai a haɗa su.